Shekarar da Na Sha Boko

Ni dai bokona shansa na yi, a ƙoƙo, kuma kakata ce ta dama mini. In na faɗa wa 'ya'yana haka sai su kwashe da dariya, su ce Baba ya fara. To, su yi ta yi. Ni na san abin da ya wuce ta maƙogwarona.

An sa ni aji ɗaya a shekarun da ruwa ya yi mana rowa. Ƙauyenmu yana arewa da birni, irin ƙauyukan nan da gona take farawa daga jikin katangar gida, ka fita daga ta wani ka faɗa ta wani, babu ko ɗan dajin da akuya za ta ɓata a ciki. Ɗorawa da kuka da tsamiya suna tsaye a tsakiyar gonaki, kowace da mai ita. Jakuna su tafi birni da itace, su dawo da taki a mangala. A shekarar kirki ƙasar nan tana ciyar da mu har da baƙinmu. Amma a lokacin da nake magana gero ya fitar da kai babu ƙwaya, gyaɗa ta kwanta, bara haka, bana haka. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana sai kwaɗon tafasa, in an yi sa'a da ɗan ƙuli a ciki.

Ajinmu iska ta yaye masa kwano tun kafin a sa mu, saboda haka a gindin darbejiya muke zama, a ƙasa, kowa da allonsa a cinya. Allon ɗan katako ne, muna baƙanta shi da gawayi da ɗanyen ganye. Malaminmu saurayi ne, dogo, siriri, daga wajen Bici yake zuwa a kan wani keke da ake jin kukansa tun daga burtali. Ya yi watanni bai ga albashi ba, amma rigarsa kullum a wanke. Da alli ya ƙare sai ya ce kowa ya zo da guntun busasshen rogo, shi ma yana yin rubutu fari tas. Matsalar rogo ɗaya ce, ana cinsa. Kafin a tashi tara rabin ajin sun cinye allinsu, Malam ya riƙe ƙugu yana kallonmu, ya rasa ma wanda zai fara duka.

Da safe yakan tsaya gaban babban allo da tsumagiya a hannu, ya nuna baƙi, ya nuna wasali, mu haɗa su. Ba, be, bi, bo, bu. Muryata ta fi ta kowa. Wallahi in na ɗaga ta har matan da ke rijiya suna juyowa. Na haddace jerin tsaf tun daga farko har ƙarshe, yadda nake haddace karatuna a makarantar allo, da kunne. Idona kuwa ba ruwansa. Ranar da Malam ya tsallake, ya ɗora tsumagiyarsa a tsakiyar allo ya ce, "Kai mai murya, mene ne wannan?" sai na ce ba. Ya nuna wani, na ce be. Ya nuna na ƙarshe can ƙasa, na ce bi. Yara suka fashe da dariya. A wurina duk zanen iri ɗaya ne, kamar sawun kaji a bakin randa. Ga shi in an ce mu kwafa, daga dama nake farawa, kamar yadda na ga ana yi a allon Ƙur'ani. Malam bai doke ni ba ranar. Ya dai ce, "Allah ya buɗa," ni kuwa na fi jin zafin wannan.

Kakata, uwar babana, kowa Iya yake ce mata. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta, ban ƙara kwana a wani wuri ba. Ita take ajiye mini ƙanzo, ni nake sa mata zare a allura, ni nake ɗaure mata akuya. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Maigida, yau ma hannu rabbana ka dawo? Ni kam na yi dacen miji." Ni kuma in ce ai na kusa yi mata saki in nemo mai haƙora. Ta ɗaga muciya, in ruga. Ina son tsohuwar nan fiye da yadda zan iya faɗa, kuma duk gidan an san ba ta cin abu sai ta rage mini.

Wata rana da la'asar Baba ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta. Ina ciki, ban yi motsi ba. Ya ce ya haɗu da Malam a kasuwa, ya tambaye shi labarina, amsar ba daɗi. Ya ce ƙanensa da ke Ungogo, mai facin keke, yana son yaron da zai taya shi, zai ci da shi, ya koya masa sana'a. "Iya, bokon nan bai shiga kansa ba. Gara ya tafi inda zai ƙoshi, nan ma baki ɗaya ya ragu."

Iya ta ce, "Bakin nawa ne ya yi maka yawa ko nasa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ba mugun mutum ba ne, rumbu ne yake gaya masa gaskiya kullum da safe. Suka yi ta ja, a ƙarshe ta ce a ba ta zuwa yankan dawa. In lokacin ya yi yaro bai iya karatu ba, a tafi da shi. In ya iya, ba mai taɓa mata miji. Baba ya ce ya yarda.

Da ya fita ta juyo ta dube ni. "Kai kuma, shashasha, ɗauko allon nan."

Iya ba ta san ko alif ba, balle boko. Amma ta san abu ɗaya da ta gani tun tana yarinya: in yaro ya kasa riƙe karatu, ana kai wa malam allo ya yi rubutu, a wanke, a ba shi ya sha, kai ya buɗe. To ita a ganinta rubutu rubutu ne. Abin da ya ƙi shiga ta ido, a bi da shi ta baki. Ranar Malam ya ba mu aikin gida, na kwafe layukan ba da ca da da, da ƙyar da gumi. Ta karɓi allon, ta tara ƙoƙo, ta yi bismillah, ta zuba ruwa tana murzawa da tafin hannu. Fari da baƙi suka gangara tare. Ruwan ya fito toka-toka, da ɗan garin rogo yana yawo a sama.

Na ce, "Iya, aikin Malam ne fa!"

Ta ce, "Shanye."

Na shanye. Tabɗi! Ɗaci ba ɗaci ba, bauri ba bauri ba, ga tsakuwar gawayi tana ƙaras-ƙaras a haƙori.

Washegari na je da allo fes, ba ko ɗigo. Malam ya zuba mini tsumagiya a tafin hannu, na dawo ina hura shi. Iya ta duba hannun, ta ja tsaki, ta ce wannan malami ba shi da imani, sannan ta ce ai abin mai sauƙi ne, in riƙa rubuta biyu, ɗaya nata ɗaya nasa. Haka aka yi. Kullum in na dawo sai in rubuta, ta wanke, in sha, in daka gawayi in sake baƙanta allon, in jingine shi a rana ya bushe, in sake rubutawa. Da ta ga kwanaki suna tafiya, kan dawa ya fara ja, sai ta ƙara da na safe kafin in fita. Yaran unguwa suna can suna langa, ni ina nan ina zana abu ɗaya har yatsuna su ƙage. Na yi kuka, na yi fushi, na ce na fasa auren. Ko a jikinta.

Sai ta tuno wani abu. Ta ce malamai ba sa wanke rubutu da baki a rufe, sai sun karanta a kai. Tunda ita ba ta iya ba, ni zan karanta. Ta daina murzawa da tafin hannu, ta koma jiƙa yatsa ɗaya, ta ɗora a kan zane guda, ta ce, "Wannan wane ne? Kira sunansa kafin ya tafi." Nan fa ake yinta. Iya ba ta san farko ba, ba ta san ƙarshe ba. Yau ta fara daga dama, gobe daga tsakiya, jibi allon ma a kife yake a hannunta sai na juya mata shi. Waƙata ta ba, be, bi ba ta da amfani a nan. Da farko na riƙa faɗin duk abin da ya zo bakina, ai ba ta sani ba. Ashe tsohuwa tana riƙe da kamanninsu. Ta ce, "Kai, jiya mai ƙugiyar nan ba haka ka kira shi ba. Ni za ka yi wa wayo? In ka kira shi da sunan wani, wanin za ka sha." Wannan magana ta tsorata ni ƙwarai. Dole na fara buɗe ido a aji, ina bin tsumagiyar Malam, don in san wane ne mai ƙugiya, wane ne mai ciki a gaba, wane ne mai ciki a baya.

Ban san ranar da abin ya faɗa ba. Na dai san wata rana yatsanta ya sauka a kan wani zane, bakina ya ce ka tun kafin in yi tunani, ya matsa na ce ra, sai na ji na ce kara. Na dubi karan dawar da aka yi dangar gidanmu da shi, na dubi allon. Na yi ihu, "Iya, kara ne! Kara!" Ta ce, "To, mene ne abin ihu? Shanye."

Lissafi ma bai tsira ba. Da 'ya'yan tsamiya muke yinsa a makaranta, kowa da nasa a gwangwani. In an ce uku a tara da huɗu, ka ware uku nan, huɗu can, ka haɗe su ka ƙirga. Da Iya ta ga lambobi a allo ta tambayi alamar nan mai kama da mararraba, na ce tarawa ce, abu ya ƙaru. Ta ce madalla, ta wanke. Ta tambayi 'yar sandar da ke kwance, na ce ɗebewa ce, abu ya ragu. Nan take ta janye yatsanta kamar ta taɓa garwashi.

"A wannan shekarar? Hatsi ya ragu, awaki sun ragu, mutane sun ragu, sannan in ba ka ragi ka sha da hannuna? Allah ya kiyaye."

Ta sa na goge layin da gefen rigata, a waje, nesa da ƙoƙon. Har muka gama aji ɗaya ni ne gwanin tarawa, ɗebewa kuwa sai na yi ta lalube. Malam ya yi ta mamakin wannan kai nawa.

Baba ne ya fara kama mu. Ya shigo neman igiya, ya tarar da ni da baki baƙi ƙirin, ƙoƙo a hannu.

"Iya, mene ne wannan?"

"Magani."

"Boko ne fa, Iya. Ba ayar Allah ba ce. Wa ya taɓa shan boko?"

"Na ce maka aya ce? Da bismillah nake wankewa, da bismillah yake sha. In kana da wanda ya fi shi, kawo."

Ya ce kada dai Liman ya ji. Ta ce, "Kai za ka kai masa?" Ya ɗauki igiyarsa ya fita yana girgiza kai.

A wurin Malam kuma ni na tona mana asiri da bakina. Ya zo da tsofaffin batira, ya fasa, ya ce baƙin cikinsu ya fi gawayi kama allo, kowa ya miƙo nasa. Na rungume nawa na ce, "Malam, nawa shansa ake yi." Ya sa na maimaita. Da na ba shi labari ya yi dariya har ya dafa darbejiya, hawaye na zubo masa. Can ya tsaya, ya dube ni, ya ce sau nawa nake rubutawa a rana. Na faɗa. Ya ce ita take nuna mini in karanta? Na ce e. Sai ya ce kada in kuskura baƙin batir ya taɓa allona, gawayi kawai, kuma in gaida Iya, in ce mata maganinta yana ci.

Aka yanke dawa, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Baba ya aika aka roƙi Malam ya biyo ta gidanmu bayan an tashi. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar zaure, Iya ta zauna daga ciki inda take ganin kowa. Baba bai iya boko ba, amma ba a yi masa dabara. Ya ce in koma bayan danga in toshe kunne. Ya raɗa wa Malam kalma, Malam ya zana a ƙasa da tsinke, aka kira ni. Na tsuguna, na ɗora yatsa yadda Iya take yi.

"Ja, ki. Jaki."

Baba ya ɗaga gira. Aka sake kora ni. Na dawo na karanta rumbu. Aka sake, na karanta fartanya. Sai ya raɗa wata mai tsawo, Malam ya dube shi kafin ya rubuta. Na bi ta a hankali, gaɓa-gaɓa, har na kai ƙarshe, sannan na faɗe ta gaba ɗaya: "Bana gero bai yi ba."

Baba ya kawar da kai, ya daɗe yana kallon gona. Maganarsa ce, wadda ya faɗa a kunnen mutum ɗaya, ga ta ta fito daga ƙasa ta bakin ɗansa. Iya ta rangaɗa guɗa daga cikin zaure, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, ta ce, "Sai a bar mini mijina!" Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Malam bai tashi ba. Ya gyara zama, ya ce yana da magana. Ya ce shi wannan zangon ne na ƙarshensa, zai koma gida ya taya mahaifinsa noman rani, don ba zai iya ci gaba da zuwa da ciki ba komai ba. Malamin aji biyu ya riga ya tafi, ba a kuma san ranar da za a turo wani ba. "Yaron nan kansa ya buɗe, Baba. In ya zauna nan, kafin damina ya rufe. In akwai inda makaranta take da malamai, a kai shi."

Kowa a wurin ya san inda take. Tana bayan rumfar facin baffana, a Ungogo.

Iya ta ce, "Ba haka muka yi ba."

Baba ya ce, "Ba haka muka yi ba, Iya. Alkawari na yi miki. In kin ce ya zauna, ya zauna."

Na zuba mata ido, ina jira ta ce in zauna. Na tabbata za ta faɗa. Ta dubi rubutun da ke ƙasa, ta dubi ƙafafuna, sirara kamar na balbela. Sannan ta ce, "Duk wahalar da na sha, a bar shi ya zube? A kai shi. Amma makaranta, ba faci ba. In na ji an ba shi famfon keke, da ƙafata zan je in ɗauko shi." Ta tashi ta shige gida. Na ji haushinta ranar, haushi mai tsanani, na ƙi cin ƙanzonta.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, ta zauna a ƙofar ɗaki ta ce in ɗauko allo in rubuta mata baƙaƙen nan duka, manya-manya, kada in bar ko ɗaya. Na rubuta ina kumbure-kumbure. Ta jiƙa yatsa, tana nunawa ina kira, har allon ya koma fes. Na miƙa hannu zan karɓi ƙoƙon, ta buge hannun.

"Wa ya ce naka ne?"

Ta yi bismillah, ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta shanye. Ta yamutsa fuska, ta tofar da tsakuwar gawayi.

"Wayyo! Ashe abin da kake sha ke nan, ɗan nema, ka yi shiru?" Ta goge baki da gefen zane. "In ka rubuto mini wasiƙa ba na son wani ƙato ya zauna yana karanta mini maganar mijina. Da kaina zan karanta. Zana mini wani abu in gani."

Na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta Iya. Ta sunkuya, ta ƙura masa ido. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta ɗora yatsa a kai, leɓenta yana motsi, ba abin da ya fito.

"Bai kama ba tukuna," in ji ta. "Kai ma ai ba rana ɗaya ya kama ka ba. Gobe in ka dawo daga makaranta ka sake rubuta mini."

Sai da ta faɗa sannan ta tuna. Ta tsaya da ƙoƙon a hannu, ba ta dube ni ba. Ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki, ta saki asabari. Daga ciki na ji muryarta tana cewa in je in ɗaure akuya kafin ta shiga gonar mutane.